Kalmomin da Aka Ƙunshe Ƙuli da Su

Guci, 9 ga Oktoba, 1955

Ya Nafi, sanyin randa a tsakiyar bazara, furen gyaɗa bayan ruwan fari, inuwar gawo ga wanda rana ta kora, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rasa barci bai rasa hankali ba.

Na duba littafin da nake rubuta kwanakina: yau kwana arba'in da ɗaya ke nan ba ki aiko ko da gaisuwa ba. Gwaggonki Maimuna ta ce kin rantse ba za ki ƙara haɗa ido da ni ba, wai ke kika kashe mini aiki. Ke? Wace irin magana ce wannan?

Kin tuna yammacin da na kawo miki kwando cike da guntayen takardu, kina tuyar ƙuli, hayaƙi na sa ki hawaye kina dariya? Na ce ki ajiye mini. Ban ce miki kalmomin Ingilishi ne dubu biyu da ɗari uku ba, goma kowace safiya, da nake hardacewa don jarrabawar shiga babbar makarantar malamai ta ƙetaren iyaka, a Kano. Ban ce ɓoye su nake wa kumandan, Baturen Faransa da nake wa aiki, ba. Ni da nake rubuta har ranar da na canza igiyar guga, na manta jimla ɗaya! Da baƙin Larabci kika gani a kansu, da kin rataye su a rufin ɗaki kamar laya. Boko kika gani, kuma duk kasuwar Magariya ta san amfanin takardar boko: a ƙunshe ƙuli. Kin yi daidai.

Waɗanda zan raina su ne kukun da ya kai ƙunshin gidan kumandan, da Mamuda tafinta, wannan kaskar gindin kujera, wanda bai san Ingilishi ko na tambayar hanya ba, amma ya ɗaga takarda mai maiƙo ya rantse wasiƙar asiri ce zuwa ga Turawan Kano. Kin san abin da ke jikinta? Kalma mai gaɓa huɗu, ma'anarta mai yawan surutu. Sai kumandan, mai mulkin ƙasa guda, ya tsorata da marufin ƙuli, ya tuge ni daga biro, wato ofishinsa, ya jefo ni nan in ƙirga shanu. Masu mulki ke nan!

Su kansu kalmomin fa? Baƙi ne masu girman kai, sai na yi musu fadanci sau bakwai kafin su kwana a kaina. Akwai guda biyar da ke nufin raini, kowace da tsayin hancinta, amma na bi ƙamus ɗin daga bango zuwa bango ban sami wadda ta isa ta faɗi yadda kike ɗaure kallabi ba. Harshen da ya kasa wannan, me ya iya?

Ban sani ba ko zan ci. Shekarata arba'in, kaina ya zama tsohuwar rariya. Jiya na gwada kaina, ɗari tara kawai suka amsa kira. Wataƙila yara masu rabin shekaruna su yi mini dariya a Kano. Wannan zan iya haɗiyewa. Shirunki ne ya tsaya mini a wuya, ya hasken idona.

Bayan an gama ɗaurin hatsi zan ƙetara ta Babura. Ba na so in tafi ina wanda bazawara ta guda saboda kunya. Baba Ari, waliyyina, ya shirya zuwa wurin iyayenki ranar Juma'a da goro, amma na hana shi ɗaura sirdi sai na ji daga bakinki. Ki faɗa wa Maimuna e ko a'a, za ta ba masu zuwa kasuwarmu saƙon su kawo mini.

Naki, ko an karɓe ni ko an koro ni, har ranar da za a miƙe ni a dama,

Harouna