Ƙofar da Bara'u ya ƙwanƙwasa

Yaya Murja,

Salama da gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Muna lafiya, na fara ɗan cin abinci.

Kin tambayi yadda Bara'u ya rasu a Amurka. Ƙofar maƙwabci ya ƙwanƙwasa bisa kuskure, mutumin ya harbe shi daga ciki. Lauya ya ce riƙe bindiga haƙƙin Amurkawa ne, wai da ita kakanninsu suka kori Turawan Ingila, shekara sama da ɗari biyu. Ga Turawan nan, kullum muna layin bas tare a unguwarmu Sparkhill nan Ingila, ba mai shirin komawa Amurka. Ɗana ne ya je, da jakar littattafai.

Yanzu ƙanwarsa Shifa ta samu gurbi a jami'a a can Amurka. Tana jin maganarki, ki kira ta. Ni dai na ɓoye fasfonta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Na'ima