Saboda wata ya hau yashi da jet ski ɗinsa, ni kuwa cikin ruwa yake sauke ni

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana don Allah, dangin mijina sun cika nan. Shawara nake nema, wallahi abin yana cin raina, kuma na san wasu dariya za su yi.

Mijina ma'aikacin gwamnati ne a nan Abuja, mutumin kirki, ba ya shaye-shaye, ba ya yawo, ciwonsa ɗaya ruwa. Bara ya sayi jet ski, wato babur ɗin nan da ake gudu da shi a kan ruwa, duk Asabar sai mun ja shi a 'yar tirela a bayan mota zuwa tafkin Jabi. Tun ranar da abin nan ya shigo gidanmu na san na samu aiki. Wai cikinsa na ƙasa ba ya son yashi, ba ya son tsakuwa, ko ɗan karce ya samu ruwa zai riƙa cin wurin. Kafet ɗin falona da Abbana ya saya min ya yanka ya naɗe katakon tirela da shi, wai don kada ya goge fentin. In mun dawo sai ya wanke shi da sabulun musamman, ya tsane da tawul mai laushi, ya shafa masa man ƙyalli, ya kwanta a ƙasa yana leƙa cikinsa kamar likita. Ni fa ko lalle na yi sai na kai masa hannu gaban hanci yake gani.

Dokarsa ita ce ba a kai jet ski ɗin bakin gaɓa. Da nisa yake kashe inji, kowa ya dira cikin ruwa ya taka da ƙafa. Haka nake dira da abayata, ruwa har ƙugu, in fito tana manne min a jiki gaban mutane, in na yi magana ya ce in yi haƙuri, fenti ba ya jin lallashi. Akwai ranar da awarwarona ya ɗan gogi gefen abin, wallahi wuni ya yi bai kula ni ba. Duk na shanye, na ce halinsa ne, kowa haka yake yi wa.

To Asabar ɗin da ta wuce abokan aikinsa suka zo, cikinsu har da wata sabuwa da aka kawo ofishinsu daga Kaduna. Ya ɗauki maza ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dira a ruwa kamar kullum. Da aka zo kanta, ina zaune ƙarƙashin rumfa ina kallo, sai na ga bai kashe inji ba, ya taho a hankali har ƙurrr, cikin abin ya hau yashi da tsakuwa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ta sauko a busasshiyar ƙasa, ko takalminta bai jiƙe ba, tana cewa Oga na gode. Da aka ɗora shi a tirela ga karce dogo kamar an ja ƙusa, ya duba, ya yi dariya, ya ce ba komai, ai fenti ne.

A mota na tambaye shi, ya ce baƙuwa ce, tsoron ruwa take ji, kuma kunya ce ta hana shi ce mata ta dira. Na ce ni ba na jin tsoron ne, ko ni ba a jin kunyata. Ya ce ni ai ta gida ce, wai in daina neman magana a inda babu. Yayata ma da na gaya mata, cewa ta yi shaiɗan ne, tunda ban ga saƙo ba, ban ji waya ba. Gaskiya ne ban ga komai ba. Amma mutumin da ko ƙura ba ya bari ta kwana a kan abin nan, har yau bai kira mai gyara ba, kullum in zan fita sai na ga karcen a gareji. Kishi nake ji, mai zafi, har abinci ba ya min daɗi.

Jiya ya ce jibi za su sake haɗuwa, ita ma za ta zo, in shirya. Zuciyata tana ce min in hau bayansa, in mun juyo in ce ya kai ni har gaɓa. In ya kai ni, na huta. Amma in ya kashe inji a gabanta ya ce in dira fa, ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba, kuma ba na jin zan iya komawa gidan yadda na fito. Don Allah ku ba ni shawara, in gwada shi, ko in zauna a gida in ci gaba da rashin sani?