Takardun da Hajara ta Zuba a Shara

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka, da Anti Bilki da yara. Ya jikin Inna? Ya kuke fama da kullen korona?

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san bincikena a kan tsohuwar ƙungiyar Turawan nan ne, masu cewa mutum zai iya zama nagari ba tare da addini ba. Kafin a rufe laburaren jami'a na sha wahala na kwafo mujallunsu da tarihin shugabanninsu. Shekaranjiya na sauka sayo abinci, Hajara 'yar Kawu da muke zaune tare ta kwashe su kaf ta zuba a shara, wai tana tsare mini imani. Har ta kira Baba ta ce ina karatun kafirai! Ni da nake tashinta sallar asuba kullum?

Ka fahimtar da Baba, karatu ne kawai. Kuma mutanen da take zagi, ban ga shafin da suka halatta taɓa kayan wani ba.

A gaida kowa. Ku roƙa mini Allah Ya ba ni haƙuri, don an hana fita, kuma ɗakinmu ɗaya da Hajara.

Ƙanwarka,
Rabi
Daga unguwar Pantai Dalam