Rubutun Inna a Bayan Rumbu

Kiyawa, Jihar Jigawa.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, yaya aiki da ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Kunnenta ya tafi gaba ɗaya. In ka kira waya tana cewa to, to, wallahi ba ta jin ko kalma ɗaya, don dai kada hankalinka ya tashi ne. Matar da a da ba a yanke magana a gidan nan sai da ita, yanzu sai ta zauna gefe tana kallon bakunanmu. Abin yana ci mini rai.

An buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren su 'yarka Safina, kowace Asabar iyaye da 'ya'yansu a benci ɗaya. Na je don in gyara rubutuna, Inna ta biyo mu wai za ta riƙe mini goyo. Goyon dai a bayana ya wuni, ita kuwa ta ƙura wa allo ido. Malama Ikilima ta gane ba ta ji, sai ta riƙa ɗaga ƙwarya ko tsintsiya tana rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Da muka dawo, 'yarka ta bi gidan da gawayi, ta rubuta wa randa da turmi da ƙofa sunayensu. Akuya ce kawai ta tsere mata.

Ka taya mu da addu'a.

Matarka,
Zaituna

Kiyawa, bayan girbi.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan jiki da aiki lafiya. Yara suna gaida babansu.

Inna tana karatu! Ina rubuta wannan ne har yanzu ina mamakin ikon Allah. A bango muke yi mata magana, ta bi da yatsa a hankali, sannan ta ba da amsa da baki. Ranar da ƙanwarka Luba ta haihu a Aujara, a bangon ta karanta, ta rangaɗa guɗa. Faɗa ma ya dawo sabo, jiya miyata ta sha suka, ni kuwa daɗi ya kama ni.

Asabar da ta wuce Malama ta ce kowace uwa ta rubuta sunayen 'ya'yanta. Ka san kai ɗan fari ne, tun da ta haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce wancan. Ta tsallake layin farko, ta rubuta na ƙannenka. Malama ta yi murmushi ta ƙyale ta.

Da la'asar na zaga bayan rumbu ɗebo kara, sai na hango ta durƙushe da gawayi. Ba ta ji tafiyata ba. Sunanka take rubutawa a jikin rumbun, harafi bayan harafi. Da ta gama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora tafinta a kai kamar mai taɓa goshin yaro. Hawaye ya zubo mini. Shekarun nan duka da nake gidan nan, ban san haka kake a ranta ba.

Da ta waiga ta gan ni, ta hau ni da faɗa wai ba ni da aiki sai leƙe. Na ɗauka za ta goge. Ta tashi ta karkaɗe zaninta ta shige ɗaki, sunan yana nan har yau.

Don Allah ka rubuto mata takarda, ka ba Lado direba in zai taso. Ka yi baƙaƙen manya-manya, ka sa sunanka a ƙasa. Za ta iya karanta shi.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Zaituna