Kwaɗo a Rumbun Iri

Furfuri, Bunguɗu, Mayu 1999

Ƙanena Bashiru,

Bayan gaisuwa mai yawa. Jiya mutanen ofishinku na haraji sunka danna wa rumbun ƙungiyarmu ta manoma kwaɗo, wai kasuwanci muke a ɓoye. Irin geron da mukan ba talaka ya shuka, shi ne kasuwanci? Laifinmu dai mun kai ƙarar masu raba takin gwamnati ga 'yan jam'iyyarsu. Ƙungiyar Tsafe ma tana da rumbu, amma da yake sun yi anko sun je gangami, ko leƙa su ba a yi ba. Hadari ya fara haɗuwa. Baba, da yake shi ne shugaba, ko tuwo bai iya ci.

Yayarka,
Rabi

Gusau

Yaya Rabi,

Gaisuwa da ladabi. Umarni ne daga sama, kuma ni aka sa na sa hannu, in na ƙi a bakin aikina. Ku janye ƙarar, za a buɗe. Don Allah kada kowa ya taɓa kwaɗon, an ajiye 'yan banga suna gadi. A gaishe mini da Baba.

Naki,
Bashiru

Furfuri

Bashiru,

Sallama. Ruwa ya sauka ranar Talata. Na karanta wa Baba takardarka, ya ce, "Damina ba ta jiran sa hannun kowa." Ya ɗauki gatari ya sare kwaɗon. 'Yan bangan su huɗu sunka taso mashi da gora. Sunka karya mashi hannu, sunka fasa kai, yana ƙasa suna tattaka shi. Ƙanwarsa Inna Luba ta faɗa kansa don ta kare shi, ita ma sunka zubar mata da haƙora. Munka fito da taɓare, sai sunka cinna wa rumbun wuta sunka gudu. Muna asibiti, bai san wanda ke kansa ba. Ina jin haushinka har cikin raina.

Rabi

Furfuri

Bashiru,

Baba ya cika da hantsi, Allah ya jiƙansa. Geron da ya zube ƙasa mun tsince, har wanda jininsa ya jiƙa. Kafin ya cika ya farfaɗo sau ɗaya, abin da ya ce kawai, kada a manta da gayaunar Bashiru. Mun shuka maka 'yar gonar taka da geron da munka tsince. In ta nuna, ka zo ka ci in kana iyawa.

Wassalam,
Rabi