Ni Na Ce A Rufe Tagogin Karafan

Assalamu alaikum Baba Sabo. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin abin ya fi ƙarfina, kuma duk faɗin Doha ba ni da wanda zan buɗe wa cikina. Na sauya sunayen mutane. Ka yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye.

Shekararmu tara a ƙasar nan. Maigidana injiniya ne, muna zaune a Al Wukair da yara uku. Tun zuwanmu ba shi da buri kamar ya mallaki karafan, ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a ja, da gadaje da kicin da banɗaki a cikinsa. In sanyi ya shigo muka ga Larabawa suna jan nasu zuwa bakin teku, sai ya rage gudu yana kallo, yara suna yi masa dariya. Mun sha zuwa wurin masu sayar da sababbi, mu shafa, mu tambaya, mu dawo gida.

Amininsa Zulkiflu ya riga shi saye, na hannu, shekara biyu da suka wuce. Tare suka yi karatu a Zariya, kuma shi ya yi masa hanyar aikin nan. Matarsa Safiya kuwa ta wuce ƙawa a wurina. Ita ta zauna da ni da na haifi autata Jannat, lokacin da mahaifiyata ba ta samu biza ba.

Farkon watan Fabrairu, wata Asabar, muka tafi bakin teku gida biyu, can bayan Mesaieed. Karafan ɗin ya yi mako biyu a rufe, da muka buɗe sai warin rima da na kifi. Ina da turaren wuta mai kyau da Hajiyata ta aiko mini daga Maiduguri. Na ɗebi garwashi daga inda maza suke gasa nama, na cika babban kasko, na zuba turaren, na tura ƙarƙashin tebur. Ni na ce wa Safiya ta rufe tagogi da ƙofa don ƙamshin ya kama labule, kamar yadda muke yi a gida. Ta rufe. Muka koma bayan motoci muka shimfiɗa tabarma saboda iska, hira ta ɗauke mu.

Bayan Azahar Zulkiflu ya ce a gajiye yake, bari ya ɗan kishingiɗa. Na ga shigarsa karafan ɗin. Wallahi Baba kaskon bai faɗo mini a rai ba. Da La'asar maigidana ya je tashinsa, bai tashi ba.

Takardar asibiti, yadda aka gaya mana, ta ce zuciyarsa ce ta tsaya, dama yana da hawan jini. Kowa ya ce lokaci ne, ni ma na faɗa. Amma a ranar, ana ta guje-guje ana kiran motar asibiti, na shiga na ɗauko kaskon, na tona rairayi na binne garwashin. Ban san dalilin da ya sa na yi ba, hannuna ne kawai ya yi. Bayan mako uku wata ta turo gargaɗi a zaurenmu na mata a waya, cewa gawayi a rufaffen wuri yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Tun ranar ban sake kunna turare a gidana ba. Na ce wa maigidana asma ce take son kama Jannat.

Ban sani ba ko Safiya ta tuna. Ita ma ba ta turare, amma mai takaba ai dama ba ta yi, to ta ina zan gane? Ina kai mata abinci duk Talata da Juma'a a Ain Khaled, ta riƙe hannuna ta ce ba ta da kamata. Karafan ɗin yana nan ƙofar gidansu cikin rana, kullum sai na wuce ta gefensa.

Yanzu ta kusa fita takaba, yaranta sun kusa gama zangon makaranta, za su koma Kaduna. Za a sayar da karafan, maigidana ya ce shi zai saya. Ya ce ba zai taya ba, abin da aka faɗa zai bayar. Ya ce ba zai kawo makanike ya riƙa ƙwanƙwasa kayan Zulkiflu kamar ragon kasuwa ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. Akwai wani mai yara ƙanana da shi ma yake so, shi ya sa yake gaggawa. Yaranmu har sun raba gadaje.

Tun ranar, sau ɗaya na shiga cikinsa. Turarena yana nan a labulen, wata huɗu bai fita ba. Na fito na yi amai a gindin taya. Maigidana ya ɗauka fatalwa nake tsoro, ya sa karatun Baƙara a ciki kwana uku, ya ce khalas, an gama. Ya yi ta lallashina, kuma lallashin ya fi faɗa ciwo.

Baba, mu saya? Ko in matsa masa mu nemi sabo, ko da ƙarami ne? In gaya masa? In gaya wa Safiya? Idan ni na kashe mata miji fa?

Taka,
Wadda ta kasa shiga, Al Wukair

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na zuba shayi, har ya huce ban sha ba. Allah ya ji ƙan Zulkiflu, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Muna yara kakata tana ba mu labarin wata mata da ta je ɗibar wuta maƙwabta, ta bi ta gefen rumbu, can da yamma rumbun ya ƙone. Sai ta ƙulle sauran garwashin a haɓar zani don kada a gani, ta bi mutane tana yi musu jaje, zani yana ci. Mukan tambaya, to Kaka, ita ta ƙona rumbun? Sai ta ce labari bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne zanin. Na tsufa kafin na gane abin da tsohuwar take nufi.

Ba ki san abin da ya kashe Zulkiflu ba, ni ma ban sani ba. Ba zan rarrashe ki da ƙarya ba: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa, kuma karafan ɗaki ne ƙarami ƙwarai. Amma murhun gas da na'urar ɗuma ruwa su ma suna fitar da irin wannan iskar in sun lalace. Mutum mai hawan jini kuma yana kwanciya a gadonsa na gida bai tashi ba. Ƙofa uku ke nan, kin zaɓi ɗaya kin zauna a bakinta wata huɗu. Takardar asibitin ma ji kika yi, ba ki gani ba. Muna da likitoci 'yan gida a garin nan masu riƙe sirri. A kai wa ɗaya takardar, a gaya masa maganar kaskon, ya duba ko an yi gwajin jinin da zai raba gardama. Wataƙila ya yanke, wataƙila ya ce ba a sani ba. Ko wanne ya faɗa, ki kai wa malamin da kika yarda da shi ya gaya miki ko akwai wani abu a kanki. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da na sani, ƙamshi kika nufa wa ƙawarki, kuma Wanda ya san abin da ke cikin ƙiraza ya ga wannan. Binne garwashin kuwa firgita ce, kada ki mayar da ita shaida a kan kanki.

Ba za ki kai ga takardar nan ba sai ta hannun maigidanki, saboda haka ki gaya masa. Ki zaɓi ranar da ba ya aiki, ya ci ya ƙoshi, yara ba sa gida. Ki faɗa yadda kika rubuto mini, kada ki rage. Wataƙila ya fita ya daɗe. Ki bar shi, amininsa ne. Amma bawan Allah yana ta yaƙi da fatalwar da babu ita, alhali matarsa tana ƙonewa a gefensa, wannan bai kamace shi ba.

Maganar kunyarsa kuma, na yaba. Mutumin da ya ƙi taya kayan abokinsa ɗan halak ne, kada ya taya ɗin. Sai dai kara ba ta toshe bututun gas. Ko ku kuka saya ko mai ƙananan yaran nan, wani zai kwanta a gadon, ya ja ƙofa. Tunda akwai yiwuwar laifin na'ura ne, duba karafan ɗin ya zama haƙƙi. Ba cin fuskar mamaci ba ne. Da za a tambayi Zulkiflu, injiniya ne, shi zai fara miƙo sufana.

Duban nan, ko wane karafan za ku saya, ga yadda yake. A kawo wanda ya san aikin ya gwada bututun gas da murhu da duk abin da ke cin wuta. A duba tayoyi, shekarar da aka yi su tana rubuce a jikinsu, domin ranar Doha tana cinye taya a tsaye ko zanenta bai goge ba. Haka take busar da robar tagogi da ta rufi, ruwan sama na kwana biyu ya samu hanya. Warin rima da kika ji magana ce: a danna bango da ƙasan gadaje, inda ya yi laushi ya ruɓe. A gwada birki da fitilu da ƙugiyar ja. A buɗe littafin motarku a ga nauyin da aka yarda ta ja, a tuna ruwa da tukwane da kayan yara uku duk nauyi ne. A tambayi hukuma maganar rajista da inda aka yarda a yada zango, domin ƙa'idar ɗan ƙasa da ta baƙo ba lallai su zama ɗaya ba, kuma tana sauyawa. Ku san inda za ku ajiye shi watannin zafi. Akwai 'yar na'ura kamar sabulu da take ƙara idan muguwar iskar nan ta taru, a maƙala ta kafin a shimfiɗa zanin gado. Janareta ya zauna nesa da taga. Wuta kuwa, ko ta shayi ko ta turare, waje. Sannan wannan karafan ɗin dukiyar magada ce, da marayu a ciki. Wanda shari'a ta ba wa iko shi zai sayar, a rubuce, da shaidu, don kada gobe a ce an yi wa mai takaba wayo.

Sabo ko na hannu? Sabo yana da garanti, ba ya zuwa da tarihin kowa, amma darajarsa tana zubewa tun daga ƙofar shago. Na hannu da aka duba da kyau ba abin kunya ba ne. Da ni ne ku, sai in yi hayar ɗaya sau biyu in sanyi ya dawo. Na san mutane da yawa da suka gane cewa kallon karafan suke so, ba juya shi da baya a cikin rairayi ba.

Wannan dai kada ku saya. Ko likita ya wanke kaskon tas, ɗakin da uwar gida ba ta iya shiga ba wurin hutu ba ne. In maigidanki yana son yi wa amininsa alheri, ya ɗauki nauyin dubawa da gyara, ya tsaya a sayar da daraja, ya raka iyalin filin jirgi. Yara za su yi fushin gadaje na kwana biyu, za su warke.

Safiya kuma, kada ki sauke kayanki a kanta don ki ji sauƙi. Hannunta ne ya ja tagogin. Duk abin da kika ɗora wa kanki, nata zai ninka. Ki jira maganar likita, ku yi shawara da maigidanki da malamin. Idan ita ta tambaye ki, kada ki yi mata ƙarya, ku yi kukan tare. Idan ba ta tambaya ba, mai yiwuwa ba ta tuna ba, mai yiwuwa kuma ta tuna tana yi miki irin shirun da kike yi mata. Ki ci gaba da zuwa Talata da Juma'a har ranar tafiyarta.

Aiki ɗaya zan ba ki. Sanyi zai dawo, matanmu za su fita bakin teku da turarensu, kowacce ta koyi rufe taga a ɗakin uwarta kamar yadda kika koya. Ki zama mai tuna musu, ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Za su ce Maman Jannat ta cika tsoro. Ki bar su su faɗa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba maigidanki juriyar ji, ya kai Safiya da 'ya'yanta gida lafiya.

Baba Sabo