Maɓoyar Direban Tanka

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro daga wurina. Tun jiya ko wayata na kalla sai gabana ya faɗi, shi ya sa na ba Yaya ya kawo maka hannu da hannu.

Ka san shari'ar da nake yi wa mutanen bayan masana'antar fenti, waɗanda rijiyoyinsu suka lalace. Babban shaidana shi ne direban tankar da manaja yake sawa ya zubar da dagwalo a rafi. Tun da ya yarda zai yi magana ake yi masa barazana, sai ya kwashe iyalinsa ya koma gidan gwaggonsa. Ni kaɗai ya turo wa kwatancen gidan, ta imel.

Jiya da hantsi ina shagon shayi na harabar kotu, na hau intanet ɗinsu na kyauta, sai ga saƙo wai daga magatakarda: an matso da ranar zama, in latsa in ga sanarwa. Tambarin kotu ne sak. Shafin ya nemi kalmar sirrin imel ɗina, na rubuta ina kurɓar shayi. Bai buɗe komai ba. Da na hau bene na tambaya, magatakarda ya ce shi bai aiko min da komai ba.

Baba, nan take na koma ofis. Mai kula da kwamfutocinmu, wadda muke kira Likita, ta nuna min harafi ɗaya da aka ƙara a adireshin mai aikowa. Harafi ɗaya tak! Ta ce wani ya yi minti arba'in a akwatina, sunan direban ya nema, har ya saita duk saƙon da zai shigo a tura masa kwafi. Ta goge wannan, ta kori baƙuwar na'urar, muka canza kalmar daga wata kwamfutar. Da ta ji ranar haihuwar jikarka ce kalmata a ko'ina, sai ta ce ai ƙofar ma ban tura ba, balle kullewa.

Na kira direban sau tara, wayarsa a kashe. Yara biyu gare shi, Baba. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Amsarka ta iso, kuma na yi yadda ka ce, na je na faɗa wa direban gaskiya, duk da maigidan ofishinmu ya so in ce masa na'ura ce ta samu matsala.

Yaya ya kai ni gidan gwaggon a motarsa don kada a gane tawa. Na tarar da direban a tsakar gida yana ɗaure wa ƙaramarsa takalmi. Na faɗa masa komai, na ce laifina ne. Bai ɗaga murya ba, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Kafin rana ta yi tsaka sun bar gidan. Washegari maza biyu suka yi wa gwaggon sallama suna neman direban, wai daga ofishina aka aiko su. Ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

Na sanar da alƙali da 'yan sanda a rubuce, na kuma kira sauran waɗanda nake karewa ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun karɓe takardunsu, sun ce za su nemi wani lauya. Yanzu ba na shiga imel sai lamba ta shigo wayata, kowane wuri da kalmarsa, kuma duk saƙon da ya ce in yi sauri, waya nake ɗauka in tambaya.

Jiya direban ya kira da baƙuwar lamba. Ya ce, "Lauya, zan yi ƙoƙari in zo. Amma daga yau kada ki tambaye ni inda nake." Litinin ne zaman.

Taka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa a gurguje, daga barandar kotu nake rubutawa.

Har aka kira shari'armu kujerarsa babu kowa. Lauyan masana'anta yana ta duba agogo yana murmushi. Na miƙe zan roƙi a ɗage, sai ga shi ya shigo da tsohuwar rigar aikinsa. Awa biyu yana magana, ya faɗi ranaku, ya faɗi lambar tanka, bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi na so in yi masa godiya. Ya ɗaga min hannu daga nesa, ya fita ta ƙofar baya. Ban san hanyar da ya bi ba, ban kuma leƙa ba.

Ka ce wa Mama ta kwantar da hankalinta, ina nan zuwa ƙarshen mako.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta